Tukunyar Hajiya Ƙaltume

A unguwar Nima da ke Akra, idan mutum ya ce zai je wurin Hajiya, sai a tambaye shi wace Hajiyar, don kowane lungu da tasa. Amma idan da safe ne, kuma yana riƙe da kwano, ba mai tambaya. Wurin Hajiya Ƙaltume za shi, mai waakye, shinkafa da waken nan da ake dafawa da karan dafi har su yi ja. Rumfarta tana bakin hanyar da ta gangara Maamobi: teburi ɗaya, benci biyu, da tukunyar ƙarfe wadda sai mutum biyu ke sauke ta daga murhu.

Kakanta falke ne daga Kano, ya biyo goro har Salaga, ya gangaro Zongo Lane a nan Akra, bai sake komawa ba. Uwarta koko take sayarwa. Ita kuwa tun tana budurwa ta ce koko ruwa ne, ita abin da ke zama a ciki za ta dafa. Da mijinta Bashiru ya rasu ya bar ta da yara huɗu, tukunyar nan ce ta rene su, ta kai su makaranta, ta aurar da su, har ta kai ita kanta Makka ta dawo da haƙorin zinare. Wajen girki ba ta san kara ba. In aka kawo mata abincin suna, takan dangwala da yatsa ta ɗanɗana, ta ce, "Allah ya raya," sannan ta ture kwanon gefe. Matan unguwa duk sun san fassarar.

Hawan jini ta daɗe da shi, tana shan magani ranar da ta tuna. Ƙafa ta fara kumbura, aka ce tsayuwa ce. Fuska ta kumbura, aka ce hutu ne ya karɓe ta. Wata ta ce baki ne, aka sha rubutu. Sai da ta wayi gari numfashi ya gagara, aka kwashe ta a tasi zuwa asibiti, a can likita ya ce ƙodojinta duka biyu sun ajiye aiki, sai dai wankin ƙoda.

Litinin da Alhamis take zuwa. Da ta shiga, kafin a gama gaisuwa ma, sai sikeli, don a ga ruwan da ya taru a jikinta tun zuwan baya, tunda fitsari ya ɗauke sai ɗan abin da ba a rasa ba. Sannan ta kishingiɗa a doguwar kujera a soka mata allura biyu masu kaurin basilla. Ɗaya ta ja jini ya bi roba ya shiga inji, injin ya tace datti da ruwan da ya yi yawa, ɗayar ta mayar mata da shi. Awa huɗu tana kallon jininta yana fita yana dawowa. Ɗakin da sanyi, shi ya sa kowa da bargonsa. In an gama a danne wurin allurar har jini ya tsaya, a sake hawa sikeli, mutum ya fito kamar tsumman da aka matse. Sauran yinin ba ya moruwa.

Nas ɗin da ke kula da ita, Latifatu, 'yar Alajo ce, waakye ɗin Hajiya take ci tun tana makaranta. Ita ta karanta mata doka. Ban da gishiri mai yawa, ban da kanwa, ban da wake, ban da ayaba da kwakwa da ganyen gwaza. Ruwa kuwa leda ɗaya a yini, har da na koko da na shayi a ciki.

"To me ya rage?" in ji Ƙaltume. "Ki ce kawai in bar waakye."

"Ci aka hana ki, Mma Hajia. Sayarwa ba a hana ki ba."

A ɗakin nan ba a hirar siyasa, ba a hirar aure. Hirar ruwa ake yi. Wani tsohon malamin makaranta yakan ba da labarin randar kakarsa a Tamale, yadda take sanyi, kowa ya yi tsit yana haɗiyar yawu. A wurin 'yan ɗakin ta koyi daskarar da ledar ruwanta tana tsotsar ƙanƙara kaɗan-kaɗan, don ta kai ta dare.

Duk wannan ta ɗauka, ta ce lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ita. Abin da bai ɗauku ba daga baya ya zo.

Autarta Hamdia tela ce a wani shago a Adabraka. Da ciwon ya zo ta rufe keken ɗinkinta ta dawo rumfa, da farko Litinin da Alhamis kawai, ranakun da uwar ke asibiti. Mace ce marar surutu, mai ɗauke da ɗanta na biyu a baya, kuma ba ta taɓa cewa tana son girkin sayarwa ba. Ƙaltume ta ba ta ranakun nan biyu kamar yadda ake ba da aron zane, da sharaɗin a dawo da shi yadda yake.

Sai maganar hannu ta taso. Da farko ta wata roba a wuya ake wankin, tana ɓoye ta a ƙarƙashin mayafi. Daga baya likita ya yi mata aiki a hannun hagu, ya haɗa jijiyoyi biyu don jini ya riƙa gudu da ƙarfi allura ta sami wurin shiga. Na hagun bai kama ba, aka koma dama. Wannan ya kama, har in ta ɗora yatsa a wurin tana jin yana zirr. Amma aka ce kar ta ɗauki nauyi da shi, kar ta kwanta a kansa, kar ta sa awarwaro. Yatsun kuma suka riƙa sanyi suna sagewa. Sau biyu ludayi ya suɓuce mata a gaban mutane, na biyun a kan takalmin wani ma'aikacin banki.

Ta ce to, Allah ai hannu biyu ya ba ta, ta koma zubawa da hagu. A Akra kuwa miƙa wa mutum abu da hagu zagi ne. Ko canji za ka bayar sai ka ce "sori fo lef" ka nemi afuwar miƙawa da hagu. To mai abinci sau nawa za ta faɗa kafin hantsi? Ba wanda ya yi mata magana, Hajiya ce. Sai dai mutum ya karɓi waakye ɗinsa a ƙunshin ganye yana kallon wani wuri. Wata mata ma ta ce ta manta kuɗi a gida, ta tafi ba ta dawo ba. Ranar nan Ƙaltume ta miƙa wa Hamdia ludayi, ta cire awarwaronta na Makka daga akwati ta haɗa mata da su, ta ce tunda ita an hana ta.

Daga nan aka ce zafin murhu yana ƙara mata ƙishi, gara ta bar wa Hamdia. Ta yarda da sauri har 'ya'yanta suka yi mamaki. Ba su san dalili ba. Harshenta ne ya juya mata baya. Komai ta sa a baki sai ta ji ƙarfe-ƙarfe kamar ta tsotsi kwabo, gishiri kuwa ya ɓuya mata gaba ɗaya. Wannan ba ta gaya wa kowa ba, ko nas Latifatu.

Sai ta zama mai zaman benci. Kowace safiya da ba ta asibiti takan ci ado ta fito da carbi, ta zauna bayan teburi ana gaishe ta. Duk wanda ya tambaya wa ke girki yanzu, amsar Hamdia ɗaya ce: "Mma ce ke haɗa komai, ni miƙawa kawai nake." Ƙaltume ta ji daɗin wannan magana. Ta ce a ranta yarinya ta san darajar suna.

Wanda ya ɓata mata daɗin Baba Jamiu ne, tsohon makaniki, jikan Yarabawa, wanda Hausarsa ba ta san mace ba, ba ta san namiji ba. Tun rumfar tana da benci ɗaya yake ci a nan. Wata safiya ya gama, ya lashe yatsu, ya juyo wurinta.

"Hajia, wallahi hannunka ya ƙara daɗi paa. Tun da ka fara zuwa asibiti waakye nan ya canza. Shito nan fa, ei! Da can yana da daɗi, amma yanzu ya wuce."

Shito shi ne baƙin yajin da ake soyawa da busasshen kifi da mai, kuma shi ne tutar kowace mai waakye. Ƙaltume ta yi murmushi har haƙorin zinare ya fito, ta ce, "Na gode, Baba Jamiu." Maganar kuwa ta tsaya mata a rai. Da can yana da daɗi. Wato shekarun nan duka da ta yi tana shan hayaƙi, "yana da daɗi" kawai ta samu, yarinyar da ta koya wa riƙe muciya ita ce ta "wuce". Kuma ba shi kaɗai ba ne. Direbobin tirotiro, ƙananan bas na haya, suka faɗa, matan kasuwa suka faɗa, layi ya ƙara tsawo har ya sha kwana. Kowa ita yake yaba wa, a fuskarta, a kan girkin da ba ta taɓa ba.

Kishi ne, ba shi da wani suna. Ta san Hamdia ta rage kanwa, don launin ya nuna. Ta san tana gasa kifin kafin ta daka, tana ƙara citta, don hanci bai mutu ba. Ba wanda ya ba ta izini. Sai Ƙaltume ta fara neman laifi inda babu: ganyen bai wanku ba, taliya ta dahu da yawa, wa ya koya miki yanka ganda haka. Hamdia ta ce "to, Mma" ta gyara abin da bai lalace ba. Wannan "to" ɗin ma haushi yake ba ta.

Abin har ya wuce tukunya. Takan zuba wa Hamdia ido idan ta ciji kusurwar ledar ruwa ta shanye a tsaye, maƙogwaro yana motsi, ta jefar ta ɗauki wata. Takan kalli yadda take cicciɓar tukunyar miya da hannu biyu, awarwaron Makka suna ƙara. Da kanta ta ba ta su, amma ƙarar tana sukar ta. In ta idar da salla takan yi istigfari, ta ce wace irin uwa ce ke ƙyashin 'yar da ta bar sana'arta don ita, 'yar da guminta ne ke biyan asibiti. Ta san amsar, kuma sanin bai rage komai ba. Wa za ta gaya wa? Duk zangon nan cewa za a yi ba ta da godiyar Allah.

Wata Talata Hamdia ta tafi suna Alajo, wajen dangin mijinta. Ta ce in ta dawo da yamma za ta yi miya da shito na gobe, don Laraba ce ranar kasuwar Nima, ranar da suka fi ciniki. Tana fita Ƙaltume ta ɗaura zane a ƙirji, ta sa matan da ke taya su aiki suka hura wuta. Suka kalli juna, amma ba wadda ta isa ta hana ta.

Ranar nan ta dawo mutum. Albasa ta faɗa cikin mai ta yi ƙara, ƙamshi ya tashi, tana juyawa da hagu tana ba da umarni da murya irin ta da. Ba gasa kifi, ba ƙarin citta, yadda aka san shi tun asali. Da aka zo wajen gishiri ta zuba gwargwadon da hannunta ya saba, ta ɗanɗana. Ba ta ji komai ba. Ta ƙara, ta ɗanɗana. Lami. Ta ce gishirin yanzu ba shi da ƙarfi, ta ƙara, ta murmusa magi, ta sake ɗanɗanawa, cokali bayan cokali, har sai da ta ji wani abu can nesa mai kama da ɗanɗano. Zuwa lokacin maƙogwaronta ya bushe kamar ƙasar rani. Ta sha ledar ruwanta ta ranar, ta sha ta gobe, daga nan ta daina lissafi.

Hamdia ta dawo ta tarar an gama. Ta tsaya kallon tukwanen, sannan ta ɗiga miyar a tafin hannu ta lasa. Fuskarta ta ɗan motsa.

"Mma, gishirin kamar..."

"Kamar me? Ni za ki koya wa gishiri? Da gishirin nan na aurar da ke."

Hamdia ta rufe tukunyar. Da asuba ta ɗauko tumatir za ta markaɗa ta ƙara, ta tarar uwar tana zaune kusa da murhu da carbinta. "Ajiye," in ji Ƙaltume. Ta ajiye.

Layin Laraba ya kai har bakin titi. Baba Jamiu ya karɓi nasa, ya zauna, ya yi bismilla, ya kai loma. Ya tsaya. Ya sake kai wata don kar ya yi wa kowa ƙazafi, sannan ya nemi ruwa da hannu.

"Kai, kai, kai. Wannan ba hannun Hajia ba ne koraa. Hamdia, yau kai ka dafa, ko? Faɗi gaskiya."

Duk layi ya juyo. Hamdia ba ta ko waiwayi benci ba.

"Ni ce, Baba. A yi haƙuri, hannu ne ya zarce."

"Na sani! Ni bakina ba ya ƙarya." Ya juyo wurin Ƙaltume yana nuna ganyen. "Hajia, don Allah kar ka sake bar masa tukunya. Miƙawa ya iya, dafuwa sai kai."

Nan ne wurin da mutumin kirki zai buɗe baki. Ƙaltume ta buɗe, ta ce, "Yara ne, Baba Jamiu. Sai haƙuri."

Kuma gaskiya ɗaya ce, ta ji daɗi. Maganar ta ratsa ta kamar ruwan sanyi, dafuwa sai kai, ta yi ta juya ta a rai. Daɗin bai kai azahar ba. Mutane suka bar abinci a ganye, wasu suka fice daga layi, wata mata tana tafiya tana cewa 'yan matan yanzu waya kawai suka iya riƙewa. Rabin tukunya ya kwana, abin da bai taɓa faruwa ba ranar kasuwa. Hamdia ta wanke kwanoni, ta goya ɗanta, ta yi wa uwar sai da safe kamar kullum. Da ma faɗa ta yi, da ya fi sauƙi.

Alhamis Ƙaltume ta tashi idanu a kumbure, takalmi ya ƙi shiga, numfashi guntu-guntu. Latifatu ta dubi sikeli, ta dube ta.

"Mma Hajia, teku kika sha?"

Ƙaltume ta sauko daga sikelin ta nufi kujerarta. Nas ɗin ta ce ruwan ya yi yawa, dole inji ya ja fiye da yadda ya saba, kuma jiki ba zai so ba. Haka kuwa aka yi. Wanki ya yi nisa sai ɗakin ya fara juya mata, zufa ta karyo duk da sanyi, amai ya taso. Sannan ƙwaurinta ya ɗaure tamau, yatsun ƙafa suka lanƙwashe, ta yi salati da ƙarfi har tsohon malamin ya ɗago daga bargonsa. Latifatu ta kwantar da kujerar, ta rage gudun injin, ta auna jini.

Cikin haka Hamdia ta iso ɗaukar ta, kai tsaye daga rumfa, tana warin hayaƙi. Nas ta bar ta ta shigo. Ta durƙusa a ƙasa, ta kama ƙafar ta tura tafin sama, tana murza ƙwaurin a hankali har ya fara saki.

Da Ƙaltume ta sami numfashi, abin da ta fara tambaya shi ne, "An saye?"

"Ƙarƙaf, Mma."

"Jamiu ya zo?"

Hamdia ta ɗan yi jinkiri. "Ya zo. Ya ce a gaishe ki. Ya ce yau ya ji hannunki ya dawo."

Injin yana ta aikinsa. Ƙaltume ta kalli robar nan biyu, jini yana fita yana komowa, sannan ta juyo ga 'yarta.

"Jiya me ya sa kika ce ke kika dafa?"

"Ba komai, Mma."

"Tambayarki nake."

Hamdia ba ta ɗago ba, tana dai murzawa. "Ni in sun ce ban iya ba, ina da shekaru a gaba da zan gyara. Ke kuwa..."

Ta ji abin da ta faɗa bayan ya riga ya fita. Hannunta ya tsaya a kan ƙafar. Ba da mugunta ta faɗa ba, da ma da mugunta ne da an sami abin mayarwa.

Ƙaltume ta dubi kan 'yarta a sunkuye, wuyan nan mai ƙarfi, kafaɗun da ba su san gajiya ba tukuna. Duk watannin nan ta ɗauka tukunya take yi wa kishi. Tukunya ai ta ƙwace ta a yammaci ɗaya. Wannan kuwa da yarinyar ta ambata, shekarun da ke gabanta, ba ranar da za ta tafi suna ta bar shi a gida a ɗauka. Ta so 'yar nan a lokacin matuƙar so, kuma kishin bai matsa ko'ina ba, son da kishin suna nan tare.

"Ci gaba da murzawa," in ji ta. Hamdia ta ci gaba.

"Daga gobe, in an tambaya wa ya dafa, ki faɗi sunanki."

"Mma, don Allah..."

"Na ce ki faɗi sunanki." Ta ja bargo da hannun hagu har haɓa, ta juya fuska wajen bango. "Amma ki bari sai ranar da ba na benci. Ba zan iya ji ba."